Mai Tura Baro a Zanen Lubbert

Ranar Litinin da safe muka fito filin shanya na Berkendal, muka tarar da layi goma sha biyu babu komai a kansu sai turaku. Yadin lilin da ya ɓace na wani attajirin Amsterdam ne, mafi kyawun abin da ya shigo hannunmu a shekarar. Mako bakwai muna dafa shi a ruwan toka, mu tsoma a tsala, mu shimfiɗa a kan ciyawa muna yayyafa masa ruwa, har fatar hannuwanmu ta tsattsage. Saura kwana shida a naɗe shi a mai da wa mai shi.

Maigida Reynier, mai filin, ya fito daga gida yana jan ƙafarsa ta hagu, wadda doki ya taɓa takawa ta warke a karkace. Ya tsaya ya dubi turakun, sannan ya aika a kira alƙali. Ranar Asabar da yamma dukanmu mun ga lilin a wurinsa. Ranar Lahadi kuwa babu mai shiga fili, kowa yana coci. Saboda haka tun kafin alƙali ya iso, mata sun fara lissafa waɗanda ba a gani a coci ba. Akwai Tjerk mai gadi, wanda ba ya zuwa saboda aikinsa. Akwai Gillis mai keken doki, da ke kawo gangunan tsala ko ranar Lahadi. Shi Maigida ƙafarsa ce ta tashi ya kwanta a gida, kuma dattijon coci ne, babu wadda ta sa shi a lissafi. Sai Aleid.

Aleid baƙuwa ce daga ƙasar Munster, cikin matan da ke zuwa aikin bazara su koma da kaka. 'Yar Katolika ce, ba ta hira, ba ta zuwa rawa, abincinta ma a gefe take ci. Da alƙali ya tambayi inda take ranar Lahadi da safe, sai ta sunkuyar da kai. Ni ce na buɗe baki na ce na sha ganin ta tana shiga tuddan yashi da sassafe, kuma jiya ma ta shiga. Babu wanda ya tambaye ni. Ina da shekara ashirin da uku, ina son a san ni ma na san wani abu. Kafin azahar an kulle ta a ɗakin da ke ƙarƙashin gidan shari'a, wasu matan suna tofa mata yawu a hanya.

Yayana Wybrand shi ne mai tsaron zomayen tuddan yashi. Shekara ashirin yana bin sawun masu ɗana tarko, har ya kai idan ya ga sawu a rairayi yakan faɗi mai shi da irin abin da ya ɗauko. Alƙali ya kira shi ya nemo inda aka ɓoye lilin, ni kuma aka ce in bi shi don na san kayan.

Ruwa ya sauka ranar Lahadi da yamma, mutanen ƙauye kuma sun tattake filin da safe. Wybrand ya zagaya sau biyu yana tsaki. Abin da ya samu kawai shi ne layin ƙafar baro a gefen lambatu, inda ƙasa ke da laushi. Ya nutse sosai, alamar kaya mai nauyi, ya je ya dawo sau huɗu. Amma ba hanyar tudu ya yi ba. Ya nufi tsakar gidan aiki ne, inda aka shimfiɗa tubali, a nan ya ɓace. Wybrand ya ce daga tsakar gidan ana iya fita titi, ana iya shiga ɗakin dafa kaya, ana iya komai.

Tjerk muka fara tarewa. Ya rantse bai runtsa ba, bai sha komai ba, bai ga kowa ba. Wybrand ya ɗaga tabarmar bukkarsa ya fito da tulun giya da babu komai a ciki. Nan Tjerk ya sauko ya ce Maigida ne ya ba shi tulun ranar Asabar, wai don ya yi ƙoƙari a bana, shi kuwa bai farka ba sai da aka tashi daga coci.

"Shekara nawa kana yi masa gadi?" in ji Wybrand.

"Tara."

"Ya taɓa ba ka ko ruwan sha?"

Tjerk ya sosa ƙeya, ya ce mutum yakan canja.

Ranar Talata muka ɓata ta a kan Gillis. Wata mata ta ce ta ga kekensa ya fita daga ƙauye a lulluɓe da buhu, dokin yana nishi. Muka bi shi har gonarsa a bayan Haarlem. Da ya gan mu sai ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Wybrand ya yaye buhun da ke rumfa, sai ga zomaye bakwai a rataye, na tudun da shi kansa yake tsaro, da gangunan tsala da aka tsinka da ruwan rijiya. Lilin kam babu ko zare. Yayana ya kwashe zomayensa, ya ce za su yi magana wani lokaci. A hanyar dawowa ya ce in nuna masa daidai inda Aleid ke shiga tudu.

Ruwa ya share rairayi, amma a ƙarƙashin ƙayoyi sawu yakan kwana biyu. Wybrand ya samu ƙafa ƙarama, babu takalmi, tana sauri. Ya durƙusa ya auna zurfinta da yatsa, ya ce wannan ba ta ɗauki ko kwando ba, kuma ta bi hanyar nan fiye da sau hamsin. Muka bi ta kusan awa guda har wata bukkar masunta a bakin teku. Tun daga nesa muka ji kukan jariri, kukan da ya gaji.

Tsohuwar da ke bukkar ta ce yaron wata biyar ne, na Aleid ne, uban ya mutu a jirgin kamun kifi tun kafin a haife shi. Kowa ya san filin shanya ba ya ɗaukar mai goyo, shi ya sa Aleid ta ɓoye shi a nan, tana zuwa da sassafe ta shayar da shi ta koma da gudu. Ranar Lahadi kaɗai take samun zama da shi har rana ta ɗaga. Kwana biyu ke nan tsohuwar tana jiƙa burodi a nonon akuya, yaron yana dawo da shi.

Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga.

Da yamma Wybrand ya shiga wurin Aleid, ni ina riƙe da tulun ruwa a bayansa. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Ya gaya mata abin da ya gani, ya ce kalma ɗaya za ta fitar da ita. Ta ce in ta faɗa, Maigida zai kore ta babu ladan bazara, kuma babu filin da zai sake ɗaukar ta daga nan har Leiden, to me za su ci da hunturu? Gara ta jure, tunda ba ta ɗauki komai ba dole su gaji su sake ta. Ta sa shi ya yi alkawari ba zai faɗa ba. Ya yi. Daga ranar ni ce ke kai wa yaron nonon wata maƙwabciyarmu mai goyo a cikin kwalba, kuma ban gaya wa Aleid ba, don ban iya haɗa ido da ita.

Akwai mutum ɗaya da babu wanda ya lissafa, domin mun saba ganin sa kamar yadda muka saba ganin shanu. Lubbert mai zane ne daga Haarlem, yana zaune a ɗakin sama na gidan Maigida tun farkon bazara. Kullum yana kan tudun da ke kallon fili, da allo a gwiwa, yana zana mu muna matse kaya, muna cin burodi, muna cire wa juna ƙwarƙwata. Attajiran birni suna saye su ajiye a kundi, su fito da su bayan cin abinci su nuna wa baƙi yadda talakawa ke jin daɗi.

Ranar Laraba Wybrand ya hau wurinsa. Lubbert mutum ne mai fara'a, yana son a kalli aikinsa. Ya baje mana takardu a kan yashi. Ga Tjerk yana barci baki buɗe. Ga Gillis yana fitsari a bayan kekensa. Ga ni kaina na sunkuya a kan kwatami, ya ƙara mini ƙugu, ya sa mini dariyar da ban taɓa yi ba a wurin nan. Na ce masa hannuwana ba haka suke ba, ina tsagun? Ya yi dariya ya ce masu saye ba tsagu suke nema ba.

Wybrand bai damu da fuskoki ba, ƙafafu yake kallo. Ya daɗe a kan zanen Gillis, sannan ya ce ko an rufe kan ya san mai wannan tsayuwar. Lubbert ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce fuska da tufafi yakan gyara su yadda kasuwa ke so, amma tsayuwar mutum hannunsa ke ɗauka kafin ya yi tunani. Wybrand ya tambayi dalilin da ya sa zanen yau ya fi na makon jiya haske. Ya ce haka tawadar take, tana sauka a kan takarda kamar ruwan shayi, sai ta kwana uku ko huɗu take yin duhu.

"Ranar Lahadi da safe fa? Ban gan ka a coci ba."

Lubbert ya fara tattara takardunsa. Ya ce i, yana nan, ya yi wani ɗan zane, amma bai san inda ya sa shi ba, zai duba.

"Me ka gani?"

"Ni ba na gani, malam, zanawa nake yi. Haske ya yi kyau ranar."

Da muka sauko, Wybrand ya waiga, sai ya ga Maigida tsaye a tagar gidansa yana kallon tudun.

Ranar Alhamis attajirin ya aiko da wasiƙa cewa yana son kayansa ko ɓarawonsa. Alƙali ya sa aka matse wa Aleid manyan yatsu a cikin ƙarfe. Muna fili muna yayyafa ruwa, iska tana kawo mana muryarta, babu wadda ta ɗaga kai. Ba ta amsa laifi ba, ba ta kuma faɗi inda ta je ba. Wybrand ya je gidan shari'a aka hana shi shiga. Ya dawo ya zauna a bakin ƙofarmu yana fere wani itace har ya ƙare a hannunsa.

Ranar Juma'a da hantsi alƙali ya tara mu a ɗakin dafa kaya, ya ce Maigida ya samo shaida. Tjerk da Gillis suna jingine da bango kamar waɗanda za a rataye. An kawo Aleid, hannuwanta a naɗe da tsumma. Mu mata muna baya. Maigida ya yi addu'a tukuna, sannan ya yi wa Lubbert alama.

Lubbert ya shimfiɗa takarda a kan murfin ganga. Zane ne mai kyau, ba zan hana shi ba. Filinmu ne daga sama, lilin a jere fari fat, hasumiyar coci daga nesa. A gefen lambatu ga wata mace ta ba da baya, da hular 'yan shanya da siket, tana tura baro cike da yadi. Lubbert ya ce shi ya zana ranar Lahadi ana cikin coci, bai ga fuskarta ba, ya ɗauka aikinta take yi. Maigida ya ce mace ɗaya ce ba ta coci a ranar. Matan suka fara gunaguni. Alƙali ya ce wannan ya isa ko ba ta amsa ba: bulala, tambarin wuta a kafaɗa, da kora daga lardi.

Wybrand ya roƙi a bar shi ya duba. Ya kai takardar bakin taga, ya daɗe har alƙali ya fara buga ƙafa. Sannan ya kira ni, ya tambaye ni a gaban kowa wane takalmi muke sawa in za mu shiga fili. Na ce babu, ƙafa tsirara muke shiga, wadda ta shiga da takalmi a ranar take barin aiki.

"To, ranka ya daɗe, zo ka ga wannan. Macen nan takalmin fata gare ta mai dunduniya. Ka dubi siket ɗin da hular, tawadarsu ba ta yi duhu ba, jiya aka zana su. Baron da ƙafafun sun yi baƙi, su ne na Lahadi. Ka kuma dubi ƙafar hagu."

Alƙali ya sunkuya. Ƙafar hagun tana kallon waje, a karkace, diddigen a ɗage. Babu wanda ya ambaci suna. Mata ashirin ne muka sauke ido ƙasa lokaci guda, muka kalli wuri ɗaya, Maigida kuwa ya ja ƙafarsa baya ya ɓoye ta a bayan ganga.

Lubbert ne ya fara karyewa. Ya ce Maigida ya hau ɗakinsa ranar Laraba ya ce a ƙone zanen, shi kuma ya ƙi, don bai taɓa samun haske irin wannan ba. Sai suka daidaita a kan a sa wa mai baron siket. Ya faɗi haka yana kallon takardar, kamar abin da ke damun sa shi ne bai rufe ƙafafun ba.

Da aka bincike gidan aiki, a ƙarƙashin daɓen rumfar makamashi aka tono lilin. Wybrand ya sa yatsa, yadin ya yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ashe Maigida ya zuba masa farar ƙasa a ɓoye don ya yi saurin fari, abin da doka ta hana, ta cinye zaren. Da ya ga ɓarnar a ranar Asabar, ya san in labari ya kai Amsterdam babu attajirin da zai sake kawo masa kaya. Sata kuwa tana iya faruwa ga kowa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Amma alƙali da Maigida kujera ɗaya suke zama a coci, kuma 'yar alƙalin tana auren ɗan Maigida. Alƙali ya gyara murya ya ce ai ba a tabbatar da cewa mutum ɗaya ne ya yi aikin ba, kuma matar nan har yanzu ta ƙi faɗin inda take, saboda haka za ta koma ɗakin ƙasa sai ta faɗa. Wybrand ya dubi Aleid. Ta girgiza masa kai. Ya dubi hannuwanta, sannan ya juya ga alƙali ya faɗi komai, bukkar, tsohuwar, yaron.

Aleid ba ta yi kuka ba. Ta ce masa, "Ka yi alkawari." Shi ke nan abin da ta faɗa a ɗakin.

An sake ta a ranar. Washegari Maigida ya sallame ta babu ladan bazara, don ta yi ƙarya lokacin da aka ɗauke ta, kuma doka tana bayansa. Shi kansa ya biya tara a ɗakin alƙali, ƙofa a rufe, ya sasanta da attajirin, aka rubuta cewa danshi ne ya lalata kayan. Ranar Lahadi shi ya zagaya da farantin baiko a coci. Tjerk aka kora saboda barci. Da kaka ta shigo, mai tuddan yashi, wanda abokin farautar alƙali ne, ya ce zomaye sun ragu a hannun Wybrand, ya ɗauki wani. Yayana ya ƙare rayuwarsa yana sauke kaya a bakin kogin Haarlem, inda babu sawun da ke zama a ƙasa.

Ranar Litinin na raka Aleid titin gabas. Na ɗaura mata yaron a ƙirji da mayafi, don yatsunta ba sa iya ƙulli. Na gaya mata ni ce na fara ambaton tudu. Ta ce ai tana wurin, ta ji. Na miƙa mata burodi da cuku, ta ce in sa a ƙunshi, ba ta ce na gode ba, ni ma ban jira ba.

A gindin gada muka tarar da Lubbert zaune a kan akwatinsa yana jiran jirgin ruwan Haarlem, don Maigida ya fitar masa da kaya. Da ya ga Aleid da yaro da ƙunshi, ga titi ya miƙe a bayanta tsakanin itatuwa, sai ya miƙe ya cire hula. Na ɗauka haƙuri zai ba ta. Ya ce in za ta tsaya masa na ɗan lokaci, zai ba ta 'yan kuɗi, stuiver biyu.

Na ce masa ya ji tsoron Allah. Aleid ta dubi titin, ta dubi yaron. Tafiyar kwana tara ce zuwa Munster. Ta koma inda ya nuna mata ta tsaya.

Ya zauna ya ɗora allo a gwiwa, ya tsoma alƙalami. Ya kalle ta da ido ɗaya, ya ce ta ɗan juya wajen haske.

"Sa hannuwan a ƙarƙashin mayafi, tsumman nan zai ɓata shi. Yawwa. Yanzu ɗan yi murmushi, kamar gida za ki."

Ta ɓoye hannuwan. Ta yi murmushin, ta riƙe shi a fuskarta har ya gama.